Wayar Tana Hannuna, Kiran Yana Aljihun Sharu

Intanashinal Siti, Dubai
Bayan ƙaramar Salla, 2020

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya Nasrullahi, ka yi haƙuri, yau buƙata zan sa a gaban gaisuwa. Abu biyu nake so ka yi mini. Na farko, kada ka ƙara kiran lambata, ko da ka ga ita ta neme ka. Lambar da za ka same ni da ita tana ƙasan takardar nan, ta maƙwabciyata ce Wasila. Na biyu, ka ajiye fartanya ka shiga Kano, ka samu mijina Baban Abba a gidansu na Kurna kafin Juma'ar nan ta wuce, don ana shirin raba ni da ɗana. Za a sa Abba a jirgi a kawo shi gida, ni a bar ni a nan. Ka karanta har ƙarshe kafin ranka ya ɓaci, don akwai yadda nake so a bi da abin.

Bayan haka, gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya kamar yadda nake roƙa muku kullum. Yaya Inna da ƙafarta? Allah ya sa ta daina zuwa rijiya da kanta. Yaya Khadijatu da yara, yaya damina, an gama dashen shinkafa? Allah ya tsare ku daga cutar nan da ta kulle duniya, ya bar mu da lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan jiki da sauƙi. Abba ya yi zazzaɓi amma ya miƙe, har ya fara haɗa magana biyu. Ni ce Sabuwa nake faɗa da bakina, Wasila tana rubutawa a wayarta, za ta tura wa ƙanenta Ado da ke Kantin Kwari ya fitar a takarda ya kawo maka har Kura. 'Yar Zariya ce, aikin asibiti take yi, ƙofarta tana kallon tamu. Na ce kada ta gyara mini magana, yadda ta fito haka za ta sa. Mun nemi lambarka da wayarta har mun gaji, kullum a kashe, na san ko wuta ce babu ko kana can fadama. Gara ma takardar, ita dai ba a katse ta a tsakiyar magana.

Ka san Baban Abba ya zo Kano kafin azumi duba jikin mahaifiyarsu, da niyyar ya ɗan kwana biyu ya dawo, sai aka rufe jirage ya maƙale. Da zai tafi ya ɗauki babbar wayar, ya bar mini ƙaramar, mai tocila, da layinsa na nan Dubai a ciki. Layin nan shi ne duk sana'arsa, Yaya. Duk 'yan Kwari da 'yan Ƙofar Wambai da yake haɗa wa kaya a kasuwar Naif ta nan Dubai yana yi musu kago, wato aika musu kayan gida, wannan lambar suka sani. Ya ce duk wanda ya kira in ce yana Kano, a neme shi a lambarsa ta gida. Ya ce kuma kada in ɓata kati wajen kiransa, kira daga nan tsada ne, in yi masa filashin kawai shi zai kira. Haka muka yi ta yi. Wayar ba ta hutawa, har nakan ce wa Abba uban nan naka ya bar mu da ƙararrawar makaranta. Kullum da yamma Baban Abba zai kira, kai ma duk Juma'a kana kira ka ba Inna mu gaisa. Ya bar mu amana a hannun wansa Sharfuddeen, wanda kowa ke ce wa Sharu, shi ma kagon yake yi a Naif ɗin. Da Yaya Sharu nake ce masa. Wasila, ki rubuta Sharu kawai, na cire masa Yayan.

Farkon azumi Sharu ya zo da buhun shinkafa ƙarami da dabino da kaji, yana ta wasa da Abba. Ya ce in kawo wayar ya sa mini kati. Na miƙa masa da hannu biyu ina godiya, na shiga kicin in kawo masa abin da zai tafi wa matarsa Bilqis da shi. Na fito na same shi yana ta latse-latse, ya ce lambobin katin ne suka ƙi shiga. Ya ba ni, ya tafi. Tun daga wannan rana wayar nan ba ta sake ƙara ba. Ranar farko na ce Alhamdu lillahi na huta da 'yan kasuwa. Yamma ta yi, shiru. Juma'a ta zo, shiru. Na sa ta a caji ta cika, na cire batir na hura na mayar, na ɗora ta a bakin taga wai ko netiwok ne. Na riƙa kwana da ita a ƙarƙashin matashi, in shiga banɗaki in tafi da ita. Da Sharu ya sake zuwa na tambaye shi, ya ce korona ce ta taɓa layuka, kowa ma haka yake fama. Wani zuwan ya ce in yi haƙuri, na san halin maza idan sun koma gida cikin abokai, sai su shagala. Ya faɗa yana kallon ƙasa kamar mai jin kunyar abin da ƙanensa ya yi.

To na yi filashin har yatsana ya gaji, ba a kira ba. Sai na ce bari in bar ta ta yi ta ƙara har ya ɗauka, katin ya ƙare in ya ga dama. Tana fara shiga sai a kashe. In sake, a sake kashewa. Na juyo kanka, kai ma ka kashe. Yaya, yanzu na san dalili. Haka muka tashi muka gani a gidanmu, babba ba ya barin ƙarami ya ƙona katinsa, mai hali ba ya barin marar hali, sai ya kashe shi ya kira. Tausayina kuka ji, ku duka biyun. Amma ni a lokacin ina ɗaki a hawa na huɗu, gari a kulle, ba wanda na sani, abin da na gani kawai shi ne mijina ya kashe mini waya, wana uwa ɗaya uba ɗaya ya kashe mini waya. Ranar Salla na yi wa Abba wanka na sa masa 'yar shaddarsa, na kira ka don ya ce wa Inna barka, ka kashe. Na zauna da wayar a cinya ina jira ka kira, har shaddar ta yamutse ya yi barci a jikina. Ban ci komai ba ranar. Daga baya katin ya ƙare, ko filashin ɗin ma ya gagara.

Makon da ya wuce sai ga Sharu da Bilqis. Ko zama sosai bai yi ba ya ce ya yi magana da Musbahu, haka ya kira sunan Baban Abba, wai ya ce a tura masa ɗansa. Akwai jirgin da ke kwashe 'yan Najeriya farkon makon nan da za mu shiga, Bilqis za ta bi shi, ita za ta riƙe yaron. Na ce ni fa? Ya ce kujera ta yi wuya, tawa sai wani jirgin. Na ce a haɗa ni da shi in ji daga bakinsa. Ya ce mijin nawa ba ya son magana da ni, kuma na fi kowa sanin dalili. Na ce wallahi ban sani ba. Ya ce to in tambayi kaina. Ya buɗe durowar da muke ajiye takardu, da ma ya san wurin, ya ɗauki fasfo ɗina da na Abba, wai za a yi rajista. Bilqis mayafinta kawai take ta gyarawa. Da za su fita ta ce in fara haɗa masa kayan sawa, kada in sa masu nauyi. Yaron da bai gama mantawa da nono ba, Yaya. Yaron da ko shago na leƙa sai ya riƙe zanena.

Washegari jikin Abba ya yi zafi rau, ina jin kukana ne ya sha. Ban san inda zan nufa ba, sai na ƙwanƙwasa ƙofar Wasila, wadda a da gaisuwa kawai ke haɗa mu a bakin lif, injin hawa bene. Ta duba shi, ta ba shi magani, ta duba lambata a jikin wayar ta ɗauka, ta ce za ta kira daga wurin aiki ta ji yadda ya tashi. Da ta dawo da la'asar ko takalmi ba ta cire ba ta shigo wurina. Ta ce wa ke riƙe mini waya? Na ce ga ta nan kan tabarma tun safe. Ta ce ta kira, namiji ya ɗauka, ita kuma ta kashe don ta zaci kuskure ta yi. Ta ce in zauna in yi shiru, ko me na ji kada in yi magana. Ta sake kira a gabana, ta buɗe murya yadda zan ji. Wayata tana kwance a kan tabarma, ko haske ba ta kawo ba. Sai ga sallamar Sharu tana fitowa daga hannun Wasila. Ta sake murya, ta ce ita 'yar kasuwa ce da korona ta tsare a Dubai, tana da atamfofi da za a yi wa kago, ta ji an ce a nemi Musbahu. Ya ce Musbahu ya bar harkar, shi ne ya gaje shi, ta kawo kayan shagonsa. Ta ce to matarsa fa, tana so su gaisa. Ya yi 'yar dariya, ya ce, "Wannan ai sai dai ki yi sa'a, Hajiya. Ba ta zaman gida." Ina zaune da Abba a cinyata, jikinsa kamar garwashi, na ji wannan da kunnena.

Wasila ta ɗauki wayar ta nuna mini wata 'yar kibiya a lanƙwashe can sama kusa da hoton batir. Na sha ganinta, na ɗauka ado ne. Ta ce wannan ita ce alamar daibat. Na sa ta maimaita har bakina ya iya, don ina so in riƙe sunan abin da aka yi mini. Filashin na sani, misikol na sani, bizi na sani, wannan ban taɓa ji ba. Ta ce kalmar Turanci ce, ana faɗinta ga duk abin da aka kawar daga hanyarsa aka juya shi wata hanyar. Idan ana gyaran titi aka ce motoci su zaga ta lungu, an yi musu daibat. Jirgin da zai sauka wani gari aka ce ya wuce wani, daibat. Ta ce har motar hatsin da aka turo wa talakawa wani ya juya ta zuwa gidansa, a gida Najeriya haka masu Turanci suke ce mata. A waya kuma, shi ne a saita layinka yadda duk mai kiranka zai faɗa wata wayar, shi bai sani ba, kai ba ka sani ba. Ta ce ba don mugunta aka yi shi ba. Likitocinsu suna yi idan za su shiga tiyata, su juya kiran zuwa abokin aiki. Akwai na idan kana kan wani kiran, akwai na idan wayarka ta mutu, akwai kuma na duka, wanda ko sau ɗaya wayarka ba za ta ƙara ba. Na dukan Sharu ya sa mini. Kai za ka iya kira ya fita, amma ba abin da zai shigo.

Tana cikin bayani na ce ta tsaya, na gane. Na ce wannan ai satar ruwa ce. Ka tuna shekarar da tumatirin Baba ya riƙa bushewa a Kadawa alhali ruwa na gudu a babban kwalbati? Baba ya yi ta zargin iri, ya zargi taki, ashe Maharazu ne maƙwabcin gonarmu ya fasa kunya ya toshe tamu da laka, ruwan yana kwarara cikin albasarsa. Kuma shi ne kullum yake zuwa yi wa Baba jaje. To haka Sharu ya yi. Kwastomomin ƙanensa yake so, ya juya su aljihunsa. Sai dai a cikin ruwan da ya juya har da muryar mijina, da taka, da ta Inna.

A ranar muka kira Baban Abba da wayar Wasila. Da yake baƙuwar lamba ce ya ɗauka. Yana jin muryata ya ce au, yau na dawo gida ke nan? Ya ce tun azumi Sharu ya gaya masa ya karɓi wayar daga hannuna don ban iya magana da 'yan kasuwa ba, kuma duk lokacin da ya kawo mini ita don mu gaisa ba ya samuna. Wai gari a kulle amma ni ina fita, in bar yaro shi kaɗai a ɗaki yana kuka har maƙwabta su ji. Na ce kiran da nake yi yana kashewa fa? Ya ce kada in raina masa hankali, duk sanda ya kira baya wansa ne ke ɗauka ya ce shi ya kira. Na fara cewa daibat, kuka ya ci ƙarfina. Ya ce ba shi da lokacin kukan munafunci, a turo masa ɗansa, maganata kuma sai ya dawo. Ya kashe. Mun sake kira bai ɗauka ba. Na san kai ma abin da aka gaya maka ke nan ko makamancinsa. Ban san me ya kai kunnen Inna ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Wasila ta ce za ta iya cire abin nan take, lambobi kaɗan ne za ta danna. Har ta ɗora yatsa na riƙe hannunta. Na ce ta bar shi yadda yake. Baba da ya gano aikin Maharazu bai gyara kunyar ba. Barinta ya yi, ya je ya kira mai unguwa da manoman layin, suka bi ruwan da ƙafarsu har cikin albasar. Da ya gyara, da sai a ce maganarsa ce da ta Maharazu. Ni ma idan aka cire, Sharu zai ce bai san zancen ba, zai ce ƙaryar mace ce da aka kama, kuma shi za a yarda da shi, shi ne babba, shi ne mai gemu da carbi. Rana dubu ta ɓarawo, to ina so rana ɗayar tawa ta zo da shaidu.

Ga yadda za ka yi. Ka je Kurna ranar Juma'a bayan an sauko. Kada ka same shi shi kaɗai, ka ce a kira baffansu da ke gidan, da duk wani babba da ke kusa. Kada ka faɗi komai a kan daibat tukuna. Ka ce kai dai ka zo jin laifin ƙanwarka, a kira Sharu a lambar nan ta Dubai a buɗe murya kowa ya ji. Baban Abba ya tambaye shi wayar tana hannunsa? Zai ce e. Ya tambaye shi yau ya leƙa ni? Ku bar shi ya yi ta zuba, kada ka tanka ko ya zage ni, na san zuciyarka, ka danne. Yana ajiyewa sai ka yi wa lambar Wasila filashin. Ta sa mini kati a ƙaramar wayar, ina zaune ina jira. Nan take zan kira Baban Abba da ita, lambar da Sharu ya gama rantsuwa tana hannunsa. To a nan aikinka yake, Yaya. Hannunsa zai tafi wurin kashewa don ya kira baya, ya saba. Ka riƙe yatsan. Ko da kokawa ka sa ya ɗauka. Ya ji muryata, ya ji ta Abba, sannan wani ya gaya mini yadda waya ɗaya take zama a hannu biyu.

Idan an yi haka, abu na farko a ce Sharu ya kawo fasfo ɗinmu ya ba mijin Wasila a hannu, ba ni ba, ba na son ganin fuskarsa a ƙofata. Kuma Baban Abba ya faɗa da bakinsa, kowa na ji, cewa Abba ba ya zuwa ko'ina sai da uwarsa. Bayan wannan na san abin da zai biyo baya, shi ya sa nake gaya maka tun yanzu. Baffa zai yi gyaran murya ya ce abin cikin gida ne, a rufa asiri, shaiɗan ne, a yi haƙuri. Kada ka amsa haƙurin nan da sunana. Ban ba ka wannan saƙon ba. Ni ban yafe ba. Shinkafarsa da kajinsa da na ci, da ana amayar da abin da ya wuce da na amayar na aika masa. Mutumin da ya zauna a kan tabarmata, ɗana yana hawa masa wuya, ina kicin ina zuba masa miyar kuka a kwano ya kai wa matarsa, shi kuma yana yanke ni daga uwata. Ya bar ni ina zagin ɗan'uwana a zuci ranar Salla. Ya ɓata mini suna a wurin da ba ni da bakin karewa, don atamfa da takalma.

Ba duka nake so a yi masa ba, ba kuma ɗauri ba. So nake duk wanda ya taɓa ba shi kaya a Naif ya san yadda ya samo lambarsa. So nake ya shiga masallaci a matsa masa ba don girma ba. So nake wayarsa ta yi shiru, Yaya, shirun da tawa ta yi. Ya sa ta a caji ta cika, ya cire batir ya hura, ya ɗora ta a taga, ya kwana da ita a ƙarƙashin matashi, ba kowa. Ya tambayi mutane ko layi ne ya lalace, su ce masa korona ce. Wasila ta ɗago tana kallona, wai in ce astagfirullah. Na ce, amma ki bar abin da na faɗa a rubuce. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Shi ma Baban Abba da sauran magana tsakanina da shi, mutumin da ya zauna da ni shekara uku ya san ko hanyar kasuwar 'yan Sin da ke bayan gidanmu ban iya zuwa ni kaɗai ba, amma aka ce masa ina yawo ya yarda. Wannan sai mun haɗu ido da ido. Yanzu ɗana tukuna.

Kada ka ga ina cika baki ka zaci ba na tsoro. Sharu yana da makullin gidan nan. Duk motsin da na ji a baranda sai in ɗauke Abba in shige banɗaki. Da rana idan Wasila tana aiki kujera nake jinginawa a ƙofa. Mijinta ya ce idan ta kai ga ƙwace akwai 'yan sanda, kuma shi zai tsaya mini. Amma ni ba Larabci ba Turanci, fasfo ɗina yana hannun wanda zan kai ƙara, bizata a kan sunan mijin da ke fushi da ni take. Idan suka tambaye ni abu na kasa amsawa fa? Idan suka ce shi ne mai gaskiya? Jiya Bilqis ta aiko da 'yar jaka shuɗiya wai ta kayan Abba. Na karɓa na yi godiya don kada su gane komai, na ma sa riguna biyu a ciki na ajiye inda za a gani. Duk sanda na kalle ta sai in kawar da kai. Abba kuwa ya ɗauka abin wasa ne, jan ta yake yi a tsakar ɗaki yana cewa jirgi.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata 'yarta ba ta taka ko'ina ba, kuma ba ta manta da ita ba ko na yini ɗaya. Idan ba ta ji komai ba, kada ka gaya mata sai an gama. Ka gaishe da Khadijatu, da Ummulkhair da ƙannenta, da Gwaggo ta Garun Malam, da duk mutanen gida babba da yaro. Ka ba Ado ruwa ya sha idan ya zo, ba saninmu ya yi ba ya ɗauki wahalar. Allah ya sada mu da alheri, ya kuma nuna mini ranar da nake jira.

Taka ƙanwa,
Sabuwa

Wasila, kada ki tura tukuna, ƙara wannan. Yaya, ya kamata ka san waɗanda suka sani. Wasila ta sani, mijinta ya sani, Ado zai sani tunda shi zai fitar da takardar. Sai kuma mutum ɗaya. Akwai Hajiya Mariya, mai tuwo a Naif, duk 'yan kagon Hausawa a wurinta suke cin abinci, har shi Sharun. Shekaranjiya ta zo karɓar maganin hawan jini wurin Wasila, ta ganni da kumburarrun idanu, ta ce 'yar nan me ya same ki. Na gaya mata duka, har na nuna mata kibiyar. Na gaya mata ne don ina so idan lokaci ya yi maganar ta zaga Naif kafin tuwo ya huce. Ta dafa ƙirji ta yi mini alkawari za ta riƙe bakinta har Juma'a da yamma. Bayan ta fita Wasila ta riƙe kai, ta ce tun da ta zo Dubai ba ta taɓa jin maganar da ta kwana uku a cikin Hajiya Mariya ba. Idan ta kai kunnen Sharu kafin ka kai Kurna, zai zo da makullinsa ya cire abin, kuma ba zai fita ba tare da Abba ba. Yau kwana biyu ke nan. Kada ka jira Juma'ar ma, Yaya. Takardar nan tana shiga hannunka ka nemi mota.